Harshen Gida a Farfajiyar Makaranta: Waiwaye Daga Mafara da Bakura da Maradun

Wanda ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato, sai ya ratsa Bunguɗu da Maru kafin ya iso Talata Mafara, ya bar Maradun da Bakura ta hannun dama. Garuruwan nan uku, ƙasar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Ƙayan Maradun, gulbi ɗaya suke sha, kuma madatsar ruwa ɗaya, wato Bakolori, ita ke shayar da gonakinsu na rani. A cikin wannan ɗan yanki akwai manyan makarantu uku a yau: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara a Mafara, sai Kwalejin Aikin Gona a Bakura. A nan aka yanke mini cibi, kuma tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: ta wace hanya harshen Hausa da al'adun masu shi suka shiga farfajiyar manyan makarantu, me ƙasarmu ta bayar a wannan tafiya, me kuma ta samu?

Abin da tarihi ya nuna mini shi ne, a manyan makarantun boko Hausa ta daɗe tana zagaye kafin a buɗe mata ƙofar aji. Ta dandalin wasa ta shigo, da yamma, bayan an tashi daga darasi, kuma ɗalibai da matasan malamai ne suka riƙo hannunta. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne yawan kayan da aka ɗiba daga wannan yanki namu aka yi wannan gini da su a Kano da Zariya da Sakkwato, alhali mu masu kayan sai can baya ƙwarai muka sami makarantun da za a iya yin irin wannan aiki a cikinsu.

Kafin zuwan Turawa ba a san wata katanga tsakanin ilmi da harshen gida ba. A makarantar zaure malami yakan karanta matanin Larabci ya fassara shi da Hausa ko Fulatanci, kalma bayan kalma, har aka sami wata irin Hausa ta malamai mai nata armashi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma da harsunan jama'a ya yi musu magana. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, matan da ake kira jaji suka riƙa kai su ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu mata.

Makarantar boko ma ba da gaba da Hausa ta fara ba. Wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ake karatu a cikinta, haka nan makarantun elementare da suka biyo baya. Sai dai tsanin hawa-hawa ne, kuma duk matakin da yaro ya taka, harshensa sai ya ƙara ja da baya. In ya shiga midil, Turanci ya fara rinjaye. In Allah ya kai shi Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malamai, to Turanci ne safe da yamma, a aji da filin kurket, har ana alfahari da yadda ɗaliban wurin ke furta shi tamkar 'yan Ingila. Darasin da yaro ke ɗauka daga irin wannan tsari, ko da ba a rubuta shi a allo ba, a fili yake: Hausa ta ƙanana ce, Turanci na manya.

Duk da haka, da Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, mutanen wannan kwaleji ne suka yi zarra: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar, da kuma Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a can, da Ganɗoki. Ashe harshen da aka ce ya jira a bakin ƙofa bai je ko'ina ba, yana nan cikin bakin masu shi yana jiran a ba shi fili.

Filin da ya fara samu a cikin makaranta shi ne na wasan kwaikwayo. East ya shirya wasu gajerun wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta, amma kwaikwayo ba baƙo ba ne a wurin yaron da ya fito daga Mafara ko Bakura. Ya yi tashe a watan azumi. Ya ga kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu su yi mulkin 'yan kwanaki. Ya ji labarin wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, su faɗa masa cikin raha abin da ba mai iya faɗa masa da idon gari. Abin da makaranta ta ƙara masa shi ne rubutu da labule da ɗakin taro.

Mutum biyu ne suka fi jan hankalina a wannan zango, kuma duk biyun suna da alaƙa da ƙasarmu. Na farko shi ne Malam Aminu Kano. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wato Kwalejin Katsina bayan an mayar da ita Kaduna a 1938, ya riƙa rubuta wasanni da Hausa yana shirya su tare da 'yan'uwansa ɗalibai, yana zolayar maha'inta da masu danne talakawa. Waɗannan wasanni ba su shiga ɗab'i ba a zamanin. Na biyu shi ne Alhaji Abubakar Tunau, ɗan Talata Mafara, wanda aka buga littafinsa Wasan Marafa a 1949. Ana lissafa shi a matsayin wasan kwaikwayo na farko da Bahaushe ya ƙaga ya rubuta aka buga, kuma jigonsa shi ne tsafta da kiwon lafiya. Wasa ne na makaranta tun daga tushensa, an yi shi domin yara su hau dandali su gwada, manya su kalla su ɗauki darasi.

Mai karatu na yau zai iya ganin Wasan Marafa ya cika wa'azi, ya ce muryar duba-gari ce aka sa wa rigar adabi. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan. Haka kuma ba zan ɓoye abin da na lura da shi ba: wasan da ke koyar da tsafta ya sami hanyar zuwa maɗaba'a, wasannin da ke taɓa masu iko suka tsaya a takardun hannu. Tun daga ranar farko ke nan hukuma ta san irin al'adar da take maraba da ita a makaranta, da irin wadda take kawar wa kai. Amma wannan ba ya rage darajar abin da ɗan Mafara ya yi. Ya tabbatar da cewa ana iya ɗaukar maganar gida, da gatse da ba'a da gardamar miji da mata, a jera ta a takarda, a raba wa ɗalibai su haddace, su tsaya gaban malamansu su faɗe ta da ƙarfi ba tare da an ce sun yi laifi ba. Waɗanda suka biyo baya, irin su Shu'aibu Maƙarfi mai Jatau Na Kyallu, sun tarar da turba a share.

Shi kuwa Malam Aminu, a ƙarshen shekarun 1940 aka ɗauke shi daga Bauci aka kawo shi makarantar horon malamai ta Maru, maƙwabciyarmu, ya zauna har 1950, shekarar da ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa. Na ambaci Maru ne domin irin waɗannan makarantu na horon malamai su ne magudanar da ta kai wannan ruwa ƙauyuka. Malamin da ya yi wasan kwaikwayo da muhawara yana ɗalibi, in aka tura shi firamare ta bayan gari, shi ne zai tara yara ranar hutun ƙarshen shekara ya shirya musu nasu. Har yau akwai Kwalejin Ilmi a garin Maru.

Yayin da ake wannan a makarantun gwamnati, akwai wata makaranta marar rajista wadda ƙasarmu ta yi fice a cikinta, wato kiɗan fada. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya yi suna da Maradun, ya gaji kiɗa daga mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda, ya yi amshi a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya ja ragamar tasa ƙungiya. Ya waƙe Sarkin Ƙayan Maradun, ya waƙe 'Yandoton Tsafe, da Sardauna Ahmadu Bello, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Sa'idu Faru, daga garin Faru ta ƙasar Maradun, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, ya lizimci Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Duk biyun da kotso suka yi aiki.

Da gangan na kira wannan sana'a makaranta. Yaron makaɗi yakan fara ne da ɗaukar kaya da gyaran fata. Daga nan a sa shi cikin 'yan amshi, ya koyi inda ake karɓa da inda ake shiru, ya koyi yadda ake ƙara wa jagora magana ba tare da an karya masa kari ba. Sai ya haddace salsalar gidan sarauta, wane ya haifi wane, wane ya yi yaƙi a ina. Sai ya san bambancin kirari da yabo, da bambancin habaici da zambo, ya san wanda ake yi wa kowanne da lokacin da ake yi. Shekaru ake kwashewa ana wannan kafin mutum ya buɗe baki da waƙar kansa. A cikin waƙar fada guda ɗaya akwai tarihi da nahawu da balaga da ilmin zama da manya. Amma a idon ɗan boko na wancan zamani, har ma da wasu malaman zaure, duk wannan roƙo ne kawai, kuma maroƙi a bakin ƙofa yake tsayawa.

Jami'a ce ta sauya wannan kallo, kuma ɗalibai suna da kaso mai tsoka a cikin aikin. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano tana ƙarƙashinta har ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. A Kanon aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969. Jami'ar Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta zo a 1975. A waɗannan wurare Hausa ta zama fannin da ake yin digiri a kai, ɗalibai kuma suka kafa Ƙungiyoyin Hausa, waɗanda babban aikinsu na shekara shi ne Makon Hausa. Mako guda ake ɗauka ana laccoci da muhawara da karatun rubutattun waƙoƙi da wasan kwaikwayo da kacici-kacici, sa'annan a gayyato manyan makaɗa su yi wasa a gaban ɗalibai.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina ba shi ne kiɗan ba, abin da ke biyo bayansa ne. Idan ganga ta yi shiru, sai a ba makaɗi kujera da abin magana, ɗalibai su shiga yi masa tambayoyi. Wa ya koya maka? Yaya waƙa ke zo maka? Wannan kalma da ka faɗa, me take nufi? Mutumin da aka saba gani a durƙushe a ƙofar fada, ga shi zaune a mazaunin malami, masu neman digiri suna rubuta abin da yake faɗa. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, ni ina ganin hatimi ne kawai ta buga a kan hukuncin da ɗalibai suka riga suka yanke a ɗakunan taronsu.

Daga wannan yanayi aka sami masu tattarawa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazari mai zurfi a kan waƙar baka da Shata. Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa gari-gari ya rubuta tarihinsu, ya kuma fitar da hanyar nazarin waƙar baka da ake koyarwa har gobe. Aliyu Muhammadu Bunza ya yi aiki a kan Narambaɗa. A bayan waɗannan sanannun sunaye akwai ɗalibai masu yawa da ba a san su ba, waɗanda aka sallama hutu da rikoda da kaset da batir, suka zauna a zaurukan Maradun da Faru da Bakura suna ɗauka, suka koma suka kwana suna juya kaset suna rubutawa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991. In da ba a yi wancan aiki yana raye ba, da yau amon muryarsa kawai za mu gada, ba tare da bayanin da shi da yaransa suka yi da bakinsu ba.

Gwamnati ma ta biyo sawu a takarda. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, ya kuma koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci bayan nasa. Kwalejojin ilmi suka buɗe sashen Hausa har ga waɗanda ba Hausawa ba, ana tura su su zauna cikin masu harshen na wani lokaci domin kunnensu ya buɗe. Wannan dabara ce aka yi amfani da ita wajen kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri da na Larabci a Ngala ta Jihar Barno. Duk sun yarda da abu guda: harshe a bakin mutane ake tsintarsa, a kasuwa da wurin cin abinci da wurin wasa, aji kuwa gyara yake yi.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafe mu kai tsaye, wato maganar karin harshe. Daidaitacciyar Hausa da ake rubutu da ita ta fi kusa da Kananci. Mu kuwa a gida cewa muke munka da sunka da anka, inda littafi ya ce muka da suka da aka. Muna cewa gidanai a maimakon gidansa, hwara a maimakon fara, ɗiya a maimakon 'ya'ya, ya zaka a maimakon ya zo. A shekarata ta farko a jami'a, abokan karatu sun sha kwaikwayon maganata suna dariya, har na koyi taka wa harshena birki in ina cikin jama'a. Sai da muka kai ga darasin waƙar baka aka kunna mana wata waƙa ta Sa'idu Faru, aka ce kowa ya rubuta abin da ya ji. Rabin ajin suka yi cirko-cirko. Malamin ya waiwayo ya ce, "Kai mutumin Zamfara, taso ka fitar da 'yan'uwanka." Na ce, "To, Malam." Ranar na yi kusan rabin sa'a a gaban allo ina fassara Hausa da Hausa. Maganar da kakata ke yi in tana faɗa da awaki, ita ce ta zama mabuɗin darasin jami'a. Daidaitacciyar Hausa tana da amfaninta, da ita nake wannan rubutu, amma babban rabo na adabin fada da karin yamma aka yi shi, kuma wanda ya rasa wannan kari ya rasa hanyar shiga taskar.

To, yaya labarin yake da makarantu suka iso gida? Kwalejin da ke Mafara ta samu ne a farkon shekarun 1990, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Jami'ar jiha kuwa sai a 2018. Biyu daga cikin makarantun uku na fasaha ne da aikin gona, inda aka saba ɗaukar harshe a matsayin abin da bai shafi injiniya ko malamin gona ba. Ni ina ganin tarihin wannan yanki da kansa ya ƙaryata wannan zato. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka kammala a 1978, an zana ta an tsara ta da harsunan da manomin da za a tasa daga gonarsa ba ya ji. Rikicin diyya da rabon filaye ya yi ta ruruwa har ya kai ga arangamar watan Afrilu na 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta aka yi asarar rayuka masu yawa. Ƙasa da haƙƙi ne tushen wannan rikici. Amma duk wanda ya saurari dattawan da suka ga abin, zai ji suna maimaita cewa ba a zauna da su an yi musu bayani ba, ba a kuma saurari nasu ba.

Ɗalibin aikin gona da ya fito daga Bakura, wurin waɗannan manoma da jikokinsu za a tura shi. Ya san sunan ciyawar da ke kashe dawa da Latin, amma manomi ƙuduji ya sani, wani kuma ya ce wuta-wuta. Manomi ya raba ƙasa zuwa jigawa da fadama da laka da faƙo, ya san abin da kowace ke so. Ya san lokacin noman firi da na maimai, ya san ranar da kalme ke aiki da ranar da sai galma. Wannan ilmi ne cikakke, kuma a cikin kalmomi yake ajiye. Ƙungiyar ɗalibai da za ta zauna ta tattara kalmomin noman rani na bakin gulbi, ta jera su kusa da na littafi, ta yi aikin al'ada da aikin kimiyya a zama ɗaya.

Abin da ya fi yawa a manyan makarantunmu na Arewa a yau shi ne ranar al'adu. A ci ado da babbar riga da rawani, 'yan mata su sha lalle, a jera tuwo da fura da dambu a kan tebur, a naɗa wani ɗalibi sarki a kewaye shi da dogarai, a ɗauki hotuna, da la'asar kowa ya watse. Ba na raina wannan. Ɗalibi Bayarabe ko Ibo da ya zo karatu Mafara, ko mai yi wa ƙasa hidima da aka koya wa sannu da nawa ne a sansani, yakan fara sanin mutanen da yake zaune cikinsu ne a irin wannan rana. Sai dai in aka auna ta da Makon Hausa na da, za a ga an riƙe rigar an saki mai rigar. Babu tambaya, babu rubutu, babu abin da ya rage a ɗakin karatu bayan an kwashe kujeru. Kuma sarauta kawai ake kwaikwayo, kai ka ce Bahaushe bai taɓa yin noma ko ƙira ko jima ko su ba.

A wasu ƙasashe ɗalibai sun biya harshensu da jini. Ranar 21 ga Fabrairu, 1952, aka harbe ɗalibai a birnin Daka, a ƙasar da ta zama Bangaladash daga baya, saboda sun nemi a ba harshen Bengali matsayi daidai da Urdu. Wannan rana ce hukumar UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin ranar harshen uwa ta duniya. Mu ba wanda ya hana mu Hausa da bindiga. Hasali ma tana ƙara yaɗuwa, har matasa sun ware mata 26 ga Agusta tun 2015 suna bikinta a intanet da wajenta. Abin da ke zubewa a wurinmu shi ne zurfinta, kuma bindigar da ta shigo mana ta wata fuska ce.

Shekarar 2021 ba za ta fita daga ran mutumin wannan yanki ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da dare, suka kashe masu gadi, suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar. Duk abin da na lissafa a baya, wasan kwaikwayo da muhawara da hira da makaɗa, da yamma ake yinsa ko da dare, a fili, cikin taro. Su ne farkon abin da tsoro ke kashewa. Ɗalibin da a da zai hau keke ya tafi ƙauye da rikoda, yau iyayensa ba za su bar shi ya wuce bayan gari ba, kuma suna da gaskiya.

Wannan fitina ta kuma tono wani giɓi da Makon Hausa bai taɓa cikewa ba. Hausawa da Fulani sun yi ɗaruruwan shekaru a wannan ƙasa suna musayar nono da hatsi, shanu suna kwana a gona bayan girbi suna bar mata taki. Kusan kowane Bafulatani a nan yana jin Hausa, amma Bahaushe nawa ne ke iya gaisuwa da Fulatanci har ya kai ƙarshenta? Ɗalibai Fulani suna nan a makarantun nan uku, da yawansu suna ɓoye harshensu saboda irin kallon da ake yi musu yanzu. Ba na cewa darasin Fulatanci na yamma zai sa ɗan bindiga ya ajiye makami. Amma malamin gona da malamin dabbobi da za su yi aiki tsakanin manomi da makiyayi gobe, a ɗaki ɗaya suke kwana yau, kuma babu wata hukuma da za ta nemi izininta kafin ɗaya ya koya wa ɗaya sunayen shanu da na ciyayi da harshensa.

Tashin hankalin ya zo da wani abu da ba wanda ya roƙa. Ƙauyukan da ɗalibi ba ya iya zuwa, su suka taso suka zo gari. Mafara da Maradun da Bakura cike suke da mutanen da aka kora daga gidajensu, suna raɓe a kangaye da gidajen dangi, wasu ba nisa da katangar makaranta. A cikinsu akwai tsofaffin 'yan amshi, da maƙera, da masunta, da matan da suka san waƙoƙin niƙa da na daɓe waɗanda injin niƙa da siminti suka riga suka kora tun kafin 'yan bindiga. Kowace waya da ke aljihun ɗalibi ta fi rikodar da aka ɗauki Ɗanƙwairo da ita. A unguwarmu akwai wasu tsofaffi mata uku daga ƙauyukan Maradun da nake zuwa wurinsu ranar Juma'a bayan la'asar. Ɗaya daga cikinsu ta ba ni waƙoƙin daɓe goma sha ɗaya kafin faɗuwar damina. Da na nemi ƙari sai ta ce, "Ɗana, sauran sai ka samo mani masu amshi, waƙar daɓe ba ta yin kyau da baki guda."